Na sake kallon kashin da Sydney Swans ta sha, da biro da takarda a hannu

Sau huɗu koci John Longmire ya kai Sydney Swans wasan ƙarshe na AFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Ostireliya, ya dawo hannu rabbana: 2014, 2016, 2022 da 2024. Uku daga ciki ba faɗuwa ba ce kawai, dukan kawo wuƙa ne. Hawthorn ta ba mu ratar maki 63, Geelong 81, Brisbane Lions 60. Na 2014 da na 2016 labari na ji, don a lokacin ban zo Ostireliya ba. Na 2022 da na 2024 kuwa da idona na gani, kuma na 2024 ɗin ne ya sa na yi abin da ban taɓa yi wa wani wasa ba: na zauna na sake kallonsa daga farko har ƙarshe, ina tsayarwa ina rubutu, don in san wane ɓangare na haushina ne ya dace ya hau kan koci.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon ƙafar Ostireliya daban take da tamu. Fili kamar ƙwai, ƙwallon ma haka, mutum 18 kowane ɓangare. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshen fili. Ka buga ta wuce tsakanin dogaye biyu na tsakiya, maki shida. Ta bi ta gefe, maki ɗaya. Ana ɗauka da hannu a ruga, amma ba a jefawa, sai dai a naushe ta ko a buga da ƙafa. Abin da ya fi muhimmanci ga labarin nan shi ne cafka: idan aka bugo ƙwallo ta yi tafiyar mita 15 ka cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, alƙali zai busa, ba mai taɓa ka sai ka buga. Zango huɗu ake yi. Ni Aliir Aliir ne ya ja ni ga Swans, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya. Ya koma Port Adelaide a ƙarshen 2020 ya bar ni da ja da fari a wuya.

Ranar 28 ga Satumba 2024 a gidan maƙwabcina muka kalla, wani dattijo da ya gaji ƙungiyar daga mahaifinsa tun tana South Melbourne, kafin a maido ta Sidni a 1982. Mu ne muka ƙare kakar a saman teburi, Brisbane kuwa ta biyar. Mu muka fara cin gol biyu, Will Hayward da Tom Papley, har jikokin dattijon suka hau kujera suna tsalle. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A zango na biyu Brisbane ta zura bakwai, mu ɗaya. An tafi hutun rabin lokaci 73 da 27. Naman da aka gasa a bayan gida yana nan a faranti ya sandare, ba wanda ya waiwaye shi. Dattijon ya rage sautin talabijin, ya ce ba ya son jin masu sharhi suna tausaya mana. An tashi 120 da 60.

A daren, duk inda ka leƙa maganar ɗaya ce: koci ba shi da wata dabara ta biyu, ya zauna a ɗakinsa na gilashi yana kallo ana yanka mu, a sallame shi. Ni ma da na shiga gida na ɗauki waya na fara rubuta nawa. Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, ka ci abinci tukuna. Wanda za ka zaga ɗin ba gudu zai yi ba." Na ajiye wayar. Wannan shi ne darasin farko, kuma ba a filin wasa na same shi ba: abin da mutum zai rubuta a daren faɗuwa ihu ne, ihu kuma ba ya bambance wanda ya yi laifi da wanda yake kusa.

Bayan 'yan kwanaki na buɗe wasan a kwamfuta. Na ja layi a tsakiyar takarda. Hagu, abin da koci zai iya canzawa ana cikin wasa. Dama, abin da aka riga aka yanke kafin a busa. Duk lokacin da ɗan Brisbane ya cafke ƙwallo ba kowa a jikinsa, sai in yi ɗan ƙaramin zane. Kafin a kai rabin zango na biyu na daina, don gefen takardar ya cika.

Abin da suka yi mana ke nan, kuma a kallon farko ban gan shi ba saboda idona na kan allon maki. Ba gudu suka fi mu ba, hana mu ƙwallon suka yi. Bugu gajere, cafka, a tsaya, a duba, a sake bugu gajere zuwa gefe. Tun 2021 akwai dokar da ta ce wanda ke tsaye a gaban mai cafka dole ya ƙame a wuri ɗaya har sai an buga, don haka duk cafka ɗaya tana cire mana mutum ɗaya daga cikin wasa na ɗan lokaci. Ƙarfin Swans a 2024 kuwa yana ga sauri ta tsakiyar fili: Nick Blakey ya taso daga baya, Errol Gulden da Chad Warner da Isaac Heeney su kwashe ta su wuce kafin abokan hamayya su jeru. Salon nan sai da ƙwallo a hannu. In babu, sai ka ga manyan 'yan wasa suna bin inuwa. Ga shi filin MCG na Melbon, inda ake yin wasan ƙarshe, ya fi namu na SCG da ke Sidni girma, wuraren da za a toshe sun fi yawa. Lachie Neale da Will Ashcroft na Brisbane suka yi ta yawo a tsakiya yadda suka ga dama, Ashcroft ma shi ya tafi da lambar Norm Smith ta gwarzon wasan yana ɗan shekara 20.

To me koci zai iya yi a cikin rabin sa'ar nan ta zango na biyu? Nan ne na fi daɗewa, don nan ne ihun magoya baya ya fi ƙarfi. Kocin AFL ba a bakin fili yake tsayawa yana ɗaga hannu kamar na ƙwallonmu ba. Yawanci yana can sama a ɗaki da waya, sai ya faɗa wa na benci, na benci ya tura ɗan aike ya ruga cikin fili, kuma an taƙaita lokutan da ɗan aiken zai shiga. Babbar dabarar da aka saba yi idan ana zura maka ita ce ka jibge mutane a baya har guguwar ta wuce. Amma tun 2019 doka ta ce duk lokacin da za a tashi ƙwallo daga tsakiya bayan an ci gol, sai kowace ƙungiya ta tsaya shida a baya, shida a tsakiya, shida a gaba. Wato a daidai lokacin da ka fi buƙatar ƙarin mai tsaron baya, an hana ka. Za ka iya sa mutum ya manne wa Neale, za ka iya tura Heeney gaba, za ka iya ce musu kowa ya kama mutuminsa. Amma na ga wurare da dama da ɗan Swans ya isa kan mutuminsa a kan lokaci, ya kama shi, ya kuma suɓuce masa. Na ga gol ɗin da Eric Hipwood na Brisbane ya ci daga bakin layi, inda ko a atisaye ba kullum take shiga ba. Waɗannan ba saƙon da ɗan aike zai kai ya gyara su.

Don haka layin hagu na takardata bai yi tsawo ba. Na dama ne ya yi nauyi, kuma a nan ne har yau nake ganin magoya baya suna da gaskiya, ko da yake ba nan suka fi nuna yatsa ba.

A Ostireliya ranar Alhamis da yamma ake fitar da sunayen waɗanda za su buga. A 2022 Sam Reid ya ji rauni a tsokar cinya a wasan kusa da na ƙarshe, wanda muka ci Collingwood da maki ɗaya tak. Duk da haka aka sa shi a wasan ƙarshe da Geelong. Kowa ya ga ba ya iya tsalle, ba ya iya gudu, aka cire shi jim kaɗan bayan hutun rabin lokaci. Kafin nan Geelong ta riga ta yi mana 41 da 6 a zangon farko, aka tashi 133 da 52. Longmire da bakinsa ya amsa bayan wasa cewa sa Reid kuskure ne, na kuma girmama shi a kan haka. A wannan wasan an ajiye Logan McDonald a gefe alhali lafiyarsa ƙalau. Bayan shekara biyu sai ga shi McDonald ɗin ne ya ji ciwo a idon sawu a wasan kusa da na ƙarshe, aka sa shi a kan Brisbane, shi ma bai kai ƙarshen wasa ba. Rami ɗaya, faɗawa biyu.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. A wannan makon ne aka ce wa kyaftin, Callum Mills, ba zai buga ba saboda tsokar bayan cinya, duk da yana so. Ba ƙaramin abu ba ne ka kalli kyaftin ɗinka ka hana shi wasan ƙarshe. Heeney kuma daga baya aka bayyana cewa da tsagewar ƙashi a ƙafa ya buga, amma a nuna mini mai goyon bayan Swans ɗaya da zai yarda a ajiye Heeney ranar Alhamis ɗin nan, mutumin da ya ɗauke mu a kafaɗa a wasanmu da ƙungiyar GWS Giants a farkon zagayen ƙarshe. Babu. Don haka ba duka na ɗora wa koci ba. Na McDonald dai na ɗora.

Abu na biyu a layin dama ya fi wannan tsufa. Mun fara kakar 2024 da cin 13 cikin wasanni 14 na farko, sai muka fara tangal-tangal. A watan Agusta Port Adelaide ta lallasa mu da ratar maki 112. Duk shekarar an san mu da shiga wasa a sanyaye, a bar mu a baya sannan mu farka mu biyo. A wasan farko na zagayen ƙarshe GWS ta ba mu ratar maki 28, muka dawo muka ci da shida, gari ya ɗauka, aka manta da tambayar me ya sa aka ba mu ratar tun farko. Ƙungiyar da ta saba a ceto ta da ƙwarewar mutum uku ko huɗu, ranar da aka rufe mutanen nan ba ta da wurin dafawa. Wannan aikin watanni ne a filin atisaye, kuma aikin koci ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na kai wa dattijon takardata. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ce shi ya jira har 2005 kafin ya ga kofi, mahaifinsa kuma ya ga na 1933 yana yaro, bai sake ganin wani ba har ya rasu. Shekara 72 ke nan tsakani. Ya tuna mini cewa Longmire ɗin da ake cewa a kora shi ne ya ci mana na 2012 a kan Hawthorn, kuma akwai ƙungiyoyin da magoya bayansu za su sayar da mota don a kai su wasan ƙarshe sau biyar a shekara 14. Na ce masa duk na yarda, amma zuwa sau biyar a ci ɗaya, uku kuma a gama da kai tun kafin zango na ƙarshe, ba za a ce sa'a ce kawai ba. Ya ce to, kai ne mai biro. Bai yarda ba, ni ma ban janye ba. Shi ne dai ya ba ni shawarar da ta fi amfanata: in daina sayen kujerar ƙasa kusa da layi, in hau can sama bayan turaku. Talabijin ƙwallo take bi, daga sama kuwa kana ganin duka mutum 36, kana ganin ramin da ya buɗe tun kafin a buga cikinsa, kana ganin wanda ya daina gudu. Tun da na koma can, zagin da nake yi ya ragu, wanda ya saura kuma ya fi samun mai shi.

A watan Nuwamba 2024 Longmire ya sauka da kansa, mataimakinsa Dean Cox ya karɓa. Waɗanda suka yi ta cewa a canza koci sun samu abin da suke so. A 2025 ko cikin takwas na farko ba mu shiga ba. Brisbane kuwa, ƙarƙashin Chris Fagan, wanda bai taɓa buga wasa ko ɗaya a AFL ba kuma shi ma an sha cewa ba zai iya ba, ta koma MCG ta doke Geelong da maki 47, Ashcroft ya sake ɗaukar lambar. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, don ya nuna ba mu kaɗai suka iya yi wa haka ba. Na sabunta katina na ɗan ƙungiya. Amma a kan sa McDonald a wasan nan, ko dattijon ya kawo mini shekara 72 ɗinsa sau goma, ina nan a kan bakana.