Wasan da muka kai ƙauye kan yaro da babur

Salon da muka bi a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo shi ne wanda ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suka daɗe suna bi a ƙauyukan Zariya: ba a zuwa da rubutaccen labari. A zauna da mutanen gari, a ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, sannan a gina wasa a kansa. A ƙauyen da muka sauka, wajen Soba, bakin dattawa ɗaya ne: samari sun lalace, ga tiramol, ga ganganci da babur ranar kai amarya.

Da muka keɓe da samarin a majalisarsu, wani zancen muka ji. Kafin Agusta rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Yaro ɗan shekara 16 zai tafi ƙwadago tun sanyin safiya, ba komai a cikinsa sai koko, kuma iya aikinsa iya kuɗinsa. Ƙwayar ce ke ɗauke masa gajiya. Ɗan acaɓa kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai ya raba dare kafin ya haɗa balas ɗin mai babur.

Muka zuba duka a labari ɗaya. Yaro ya sha, ya tuƙa, ya karye, uba ya jinginar da gona don jinya. Nan muka tsayar da kalangu, muka tambayi jama'a yadda za a gyara.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne bai wa samarin garin matsayin iyaye a wasan. Wanda ya fito a uba bai yi ba'a ba. Ya zauna yana ƙirga kuɗin taki a yatsunsa, ba su kai ba, ya sake ƙirgawa. Wani dattijo ya miƙe ya ce: "Malam, ku mayar da wasan baya, uban ya tambaye shi ko ya karya kumallo." Muka mayar, kuma daga nan ne aka fara magana ta gaskiya.

Fitowar da yaron ke cikin maye dole a gajarta ta, don yara ƙanana tangaɗin suke kwaikwaya, ba karayar ba. Matan aure kuma ba sa zuwa dandali, sai 'yan matan ƙungiyarmu suka sake wasan a cikin gidan mai unguwa. A can ne iyaye mata suka kawo maganar 'yan talla da ke kai dare a tasha, wadda babu namiji ɗaya da ya ambata mana.