Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kifin Kogi

Assalamu alaikum. Satin da ya wuce mun tsaya a inda takardar ɗaukata karatu ta zo daga Legas, wata huɗu da rasuwar Baba.

Baffa na zaune a zaure yana ɗinkin koma na miƙa masa, ko kallonta bai yi ba yace "kai yaro, kifin kogi baya rayuwa a teku." Shikenan. Inna ce ta sayar da tumakinta biyu na samu kuɗin mota, shi ko sisi, alhali jirgin da yake shiga Kogin Kaduna dashi ta wajen Kabala na Baba ne, kowa a gidanmu ya sani.

Maganar nan ta bini har aji. Ranar wani firaktikal aka saka tarwaɗa a ruwan teku ina kallo tana ta haki har ta kife, gabana ya faɗi nace wato gaskiyar Baffa kenan. Sai malamin ya fara bayani, ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, na jinin kifi kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan ne, dan haka gishirin tsotse ruwan jikinsa yake. Amma akwai masu tsallakawa. Wani kifi da ake kira salmon, a ƙaramin rafi ake ƙyanƙyasarsa can ƙasashen sanyi irinsu Nowe da Kanada, a rafi kusan baya shan ruwa, ruwan ne ke kutsa masa jiki, sai yawan fitsari tsararo, jajayen nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi dasu suna zuƙo masa ɗan gishirin da ke ruwan. In lokacin tafiya ya zo jikinsa ya koma kalar azurfa, ya gangara bakin teku inda ruwan biyu suka gauraya, daga nan komai ya juye, ya dinga kwankwaɗar ruwan gishiri, jajayen nan su koma tunkuɗa gishirin waje, fitsarin ya zama ɗan kaɗan. Bayan shekaru kuma ya bi ƙamshi ya dawo rafin da aka haifeshi ya zuba ƙwai.

Wallahi hannuna rawa yake ina rubutawa. Kifin kogi baya rayuwa a teku? Ko a lagun ɗin Legas, wato tafkin da ke haɗe da teku, akwai wata karfasa da ke zaune lafiya, da damina ruwan ya salance da rani gishiri ya taso, ni da hannuna na auna.

Na ɗauko littafin da na rubuta bayanin a ciki na taho dashi Kaduna hutun farko dan in karanta masa, na tarar yana kwance ba lafiya, na durƙusa nace Baffa ya jiki, yace "ɗan Legas an dawo?" na kasa buɗe jakar. Shekaru sun ja, har aurena da ya ƙi zuwa, ban faɗa masa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, amma maganar jirgin Baba har yau tana cina.

Sati mai zuwa in sha Allah zan kawo yadda aka yi da jirgin.