Bargon Kirsimeti na faci da aikin keke: abin da sana'ar ta koya mana

Telan da ya ƙware a aikin wuyan babbar riga yakan ɗauka bargon Kirsimeti ƙaramin aiki ne, tunda keken ɗaya ne, zaren ma ɗaya ne. Bargon farko yakan gyara masa wannan tunani. Babbar riga ana so ta yi tauri ta tsaya a jiki, ana sa ta a cire a ninke. Bargo kuwa kwana ake yi a cikinsa cikin hunturun Katsina, yara su ja, a wanke a matse a shanya, kuma hawa uku ne: fuska, auduga a tsakiya, da shafi a baya. Yawancin ɓarnar da muke gani a wannan aiki daga nan take, wato an ɗauko salon aikin riga an kawo kan bargo.

Masu kawo aikin galibi Kiristocin cikin garin Katsina ne da na Malumfashi, Kafur da Funtuwa, da ƙungiyoyin zumuntar mata masu haɗa kuɗi su yi wa fasto ko amarya kyauta. Hotunan da ake saukewa daga intanet cike suke da mutum-mutumin ƙanƙara da barewar ƙasashen sanyi, abubuwan da ba su cewa komai ga tsohuwar da ta girma a Kafur. Tauraro, ƙararrawa, kyandir, komin dabbobi, makiyaya da tumakinsu, raƙuman masanan gabas, waɗannan su suka fi karɓuwa, kuma jaki da raƙumi sun fi sauƙin yankawa a faci saboda siffarsu a fili take. Idan mai aiki yana son aya, a tambaye shi tun farko ko bargon na rufa ne ko na ratayewa a bango, don wasu ba su son nassi a kan abin da yaro zai taka.

Wanki kafin yanka shi ne darasin da ya fi tsada ga wanda ya ƙi ji. Ja da kore da fari su ne launukan bikin, kuma jan yadi ya fi kowanne zuba. A jiƙa ƙyallen fari a goga a kan jan. In ya ɗauki launi, a yi ta wankewa har ruwan ya fita garau, in ya ƙi a sauya yadi. Gishirin da ake zubawa a ruwa ba ya tsayar da rinin kamfani. Ban da zuba, auduga tana tsukewa a wankin farko da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, kuma kowane yadi da nasa. In aka haɗa akoko da ba a wanke ba da atamfa, ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya, sai bargon ya yi tudu da kwari. Atamfa ma tana zuwa da sitaci da ke hana gam kamawa. Shadda mai bugu kuwa ƙyallinta wanki ɗaya yake tafiya, don haka kada a sayar wa mutum bargo da sunan wannan ƙyalli.

Ga lissafin bargon da zai rufe katifa mai ƙafa huɗu da rabi. Gida 20 ne, wato yankan yadi mai kusurwa huɗu da hoto ke zama a kai, huɗu a faɗi biyar a tsawo, kowane gida inci 12 bayan ɗinki. Tsakanin gidaje a sa ratsi na inci 2, a kewaye da baki na inci 4, sai ya tashi inci 62 a 76. In yadin mai faɗin inci 45 ne, farin gidaje zai ci yadi 3, ratsi da baki yadi 2, shafin baya yadi 5, dajiyar da za a rufe gefe rabin yadi, a yanka ta tsiri bakwai masu faɗin inci biyu da rabi. Faci kuwa guntayen da ke ƙarƙashin teburin shago sun isa. Audugar tsakiya da shafi su zarce fuska da inci 4 ta kowane ɓangare, saboda suna ja yayin ɗinki.

Gidan da zai ƙare a inci 12 ana yanka shi 14, ba 12 da rabi ba. Aikin keke yana jan yadi zuwa ciki, gida ya rage kuma ya karkace. Sai an gama aikin, an goge, sannan a datse shi zuwa 12 da rabi, tare da lura hoton yana tsakiya. Rabin incin nan shi ne rarar da ɗinki zai ci, kwata a kowane gefe, kuma dole ya zama kwata a duk bargon. Kuskure kaɗan a kowane haɗi, kafin a kai gida na biyar layuka sun daina haɗuwa.

A keken kwamfuta faci mataki uku yake. Keke ya fara zana layin da ke nuna wurin. A ɗora ƙyallen a kai ya zarce layin, keke ya sake bi ya danne shi. Sai a ciro firam ɗin da ke riƙe yadin daga keke, ba tare da an kwance yadin daga firam ba, a datse rarar ƙyallen dab da ɗinki da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa, a mayar, keke ya rufe gefen da cikon zare mai faɗin milimita 3 zuwa 4. Wanda ya kwance yadin don ya ji daɗin datsewa ba zai sake samun wurin daidai ba. Wanda ya bar rara da yawa zai ga gashin yadi yana leƙowa ta gefen cikon, wanda ya datse har cikin ɗinki kuwa facinsa zai zame a wanki na biyu.

Mai keken zigizagi ba ya buƙatar kwamfuta. Ya manna facin da gam mai fuska biyu, ya danna dutsen guga ba tare da ja ba, sannan ya bi gefen. Sai dai zanen da za a yi a bayan gam a juye ake yin sa, musamman haruffa, in ba haka ba "Barka da Kirsimeti" zai fito a birkice. Tauraro shi ne jarrabawa. A tsinin waje a tsaya allura tana gefen waje, a ɗaga ƙafar keke a juya yadin. A lungun ciki a tsaya allura tana cikin facin. In aka yi akasin haka sai a bar giɓi a kusurwa, kuma nan ne ido yake fara sauka.

Yanzu ga inda salon aikin riga ya fi ɓata aiki, wato yawan ciko. A wuyan riga cika zare fal abin yabo ne. A bargo, bishiyar Kirsimeti mai tsawon inci 8 da aka cike da zare tana zama kamar faifai, ba ta lanƙwasa, tana tattare yadin da ke kewaye da ita, kuma mai barci yana jin ta a jiki. Duk fili mai faɗi faci ya kamata ya rufe shi, zare ya tsaya a gefe da ƙananan ado irin harshen kyandir da idon tunkiya. Tazarar ciko kamar milimita 0.4 ta isa. Matse ta fiye da haka yana huda yadi har ya yage a layin. Cikon da faɗinsa ya wuce milimita 7 farce da awarwaro suna kama shi. Abin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin yadi ma haka: gam mai tauri na kwala ba na bargo ba ne, jarida kuwa tawadarta tana fita a farin yadi da zarar ya jiƙa. A nemi mai laushi da ake yagewa bayan aiki. Yadin kuma ya kwanta lafiya a firam ba tare da an ja shi ba, don wanda aka ja zai koma yadda yake in an kwance, ya bar tamoji kewaye da hoton.

Zaren sama na foliyesta mai lamba 40 ya fi jure wanki da rana, na ƙwarƙwaro ya zama siriri, allura mai lamba 75/11, a sauya ta in ta fara ƙara. Zaren zinariya da kowa ke so a tauraro shi ne mai tsinkewa: a sa allura 90/14 mai faɗin ido, a rage gudu, a sassauta zaren sama. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da gashin auduga ta toshe ƙoshiya, shi ya sa ake sharewa kullum a ɗiga mai, a rufe keke da dare. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar hoto, kada a taɓa firam, a rubuta lambar ɗinkin da aka tsaya, in wuta ta dawo a koma baya kaɗan a ci gaba. Yawancin haruffan da ke cikin keke ba su da ƙ, ɗ da ɓ, don haka kalma irin "Ɗaukaka" sai an ƙara mata lanƙwasa a kwamfuta, kuma wanda ya kawo aikin ya duba rubutun da idonsa kafin a ɗinka.

Haɗa hawa uku a ƙasa ake yi, a kan siminti mai tsabta. Shafi a ƙasa fuskarsa na kallon ƙasa, a miƙe shi a manne gefensa, auduga a kai, sannan fuska. A kafa fil mai kulle duk bayan inci 4. Ɗinki daga tsakiya yake farawa ya nufi waje, tsawon kowane saran allura milimita 3, don duk rarar yadi ta gudu zuwa gefe. Wanda ya fara daga gefe zai tara ta a tsakiya ta zama ninki. A bi cikin haɗin gidaje da kewayen kowane faci, kada a ratsa ta kan aikin keke. Filin da aka bari babu ɗinki fiye da tafin hannu, audugarsa za ta dunƙule a wanki. Fiba mai kauri, wato audugar roba da ake sawa a tsakiya, tana burge mai saye a ido, amma ƙaramin keke ba ya iya haɗiye ta, kuma daga Fabrairu zafi zai sa a jefa bargon bisa sif. Matsakaiciya ta fi.

Oktoba ce lokacin karɓar wannan aiki. Disamba wata ne na bukukuwan aure, keken aiki ba ya hutawa, kuma bargon da aka ce ranar 25 ake so ba ya karɓar "gobe in Allah ya yarda". A kuɗin aiki a lissafa datse faci da kafa fil da ɗinkin dajiya, domin su ne ke cin yini, ba gudun keke ba.