Kuskuren da ya yi shekara biyu yana barci

Yau da hantsi na ɗauko wani guntun zanen da'irar lantarki da na rubuta shekara biyu da suka wuce da Verilog, harshen kwamfuta da ake tsara irin waɗannan da'irori da shi. Ɗan rumbu ne mai jera bayanai, wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Na sa shi a ayyuka uku bai taɓa ba ni kunya ba, don haka ban ma yi niyyar sake duba shi ba. Abokin aikina ne ya nace sai na bi da shi ta manhajar da ke tabbatar da zane da hujjar lissafi, ba da gwaji kaɗai ba. Sharaɗi ɗaya tak na rubuta mata: kada bayani ya ɓace. Ko minti biyu ba a yi ba ta tona asiri. Ashe idan rumbun ya cika maƙil, karantawa da rubutawa suka zo a bugu ɗaya na agogon da ke daidaita tafiyar da'irar, sai bayani guda ya salwanta shiru. Duk yawan gwaje-gwajena na baya, ba su taɓa haɗa waɗannan ukun a lokaci guda ba.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Na tuna kuskuren lissafin rabawa na Pentium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel, a 1994, wanda ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. Nawa gyaran layi biyu ne kacal. Amma ayyukan nan uku da na kwafa shi ciki suna nan a raina, gobe sai na buɗe su ɗaya bayan ɗaya.