Maki ɗaya a Pennsylvania ba nasara ba ce

Nan Gusau wurin mai shayi kullum sai an yi gardama, wai ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna wane na gaba da maki ɗaya a jihar Pennsylvania a zaɓen shugaban ƙasar Amurka don haka ya gama ci. Haba jama'a! Mutum wajen dubu ɗaya fa ake tambaya, kuskuren lissafin kan kai maki 3 sama ko ƙasa, to maki ɗaya mi zai gaya maka? Abin na damuna wallahi, har kuɗi samarinmu ke sawa a kai. A 2016 Hillary Clinton yawancin masu binciken suka ba jihar, sai ga Trump ya cinye da ratar ƙuri'a kusan dubu 44 cikin sama da miliyan 6, don ba su lissafa fararen fata marasa digiri yadda ya kamata ba, ga kuma waɗanda sai dab da zaɓe suka yanke shawara.