Wa ya aike ka?

Daren da saƙon ya shigo wayata, ni da uwargida ba mu runtsa da wuri ba. Wata makarantar tauhidi a Amurka ta ba ni gurbin digiri na uku, ta kuma yafe mini kuɗin makaranta kaf. Na karanta har sau uku, na durƙusa na yi godiya ga Ubangiji. Ita kuwa sai ta jawo biro da tsohuwar takardar tsarin sujada, ta juya bayanta, ta matso da fitila ta ce, "Maigida, to abinci fa? Haya fa? Ni da yara fa?"

A bayan takardar nan na fara gane cewa yafe kuɗin makaranta daban, ɗaukar nauyin mutum daban. Kafin makaranta ta ba ka takardar I-20 da za ka nemi biza da ita, sai ka nuna shaidar kuɗin da zai riƙe ka shekara guda. Ga dala 350 na rajistar SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje a Amurka, ga kuɗin biza, ga na jirgi. In ka isa, doka ta ba ɗalibi awa 20 ne kawai na aiki a mako lokacin karatu, a cikin makaranta, matarsa kuma ba ta da izinin aiki sam. Duk wannan ya same mu a mummunan lokaci. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya san albashin fasto ya san inda lissafinmu ya tsaya.

Ƙofar gwamnati kuwa ba tamu ba ce. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, malaman manyan makarantun gwamnati take ɗauka, bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Makarantunmu na tauhidi, irin su TCNN ta Bukuru da ta fara karatu a 1959 da JETS ta Jos da aka kafa a 1980, na ikilisiya ne. Haka na zauna na rubuta wa mutanen Amurka cewa ba zan iya zuwa ba. Na yi makonni ina jin abin a ƙirjina.

Tsohon malamina na Helenanci ne ya warware mini. Na kai masa kuka a gida, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?"

Na yi shiru, domin gaskiya ni na aiki kaina. Duk takardun neman tallafi da na cika, labarin makina da wahalata na zuba a ciki. Wasiƙar shugabannin gundumar ikilisiyarmu kuwa sai ana saura kwana biyu a rufe nake rugawa in roƙa, a rubuta mini layi huɗu a buga hatimi. Ashe ita ce masu ba da tallafi suka fi dubawa. Ɗauki ƙungiyar Langham, wadda John Stott, wani fasto ɗan Ingila, ya kafa a 1969: tana ɗaukar nauyin masu digiri na uku daga ƙasashe irin tamu, amma tana son ta ga ikilisiya ko makarantar da ta tsaya maka, da alkawarin cewa za ka dawo ka koyar. Da farko na ɗauki sharaɗin nan a matsayin takura. Yanzu ina ganin daidai ne. Kuɗin nan baikon masu bi ne, kuma duk mun san aji da ya zauna babu malami domin wanda aka tura ya samu wuri ya zauna.

Ya kuma nuna mini cewa idona ya tsallake na kusa. Akwai cibiyar nazarin tauhidi ta Akrofi-Christaller da marigayi Kwame Bediako ya kafa a Akropong ta Gana, akwai Africa International University a Nairobi, ga namu na Filato.

Na koma wurin dattawanmu, wannan karon ba da takarda a hannu ba. Mun zauna sau uku. Suka tambaye ni abin da zan bincika, da amfaninsa ga mai bishara a ƙauye, da wanda zai riƙe aikina in ina aji. Tambayoyinsu sun fi na kowane fom zafi, su ne kuma suka gyara mini batun bincikena. A ƙarshe na shiga karatun a nan gida. Gunduma ta ɗauki wani kaso na kuɗin makaranta, sauran ina haɗawa da abin da gona ta bayar.

Ranar Lahadin da aka sanar, bayan an tashi, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta tare ni a bakin majami'a. Ta sauke ƙullin masara daga kanta, ta kwance bakin zaninta ta ciro kuɗi a nannaɗe, ta danƙa mini ta rufe hannuna da nata. Ta ce, "Fasto, ga na sabulu. In ka koyo, ka zo ka faɗa mana da Hausa."

Tun daga nan, ƙarshen kowane zango nakan je taronsu in ba su rahoto: abin da na karanta, abin da na ci, da abin da ya ba ni wuya. Ita tana zama a benci na gaba, kuma ba ta taɓa barina na sauka ba tare da ta yi tambaya ba.