Asabar: dankali, busasshen kifi da furar Inna

Sanyin bana ya kankama. Sai da na ji motsin yara sannan na fito daga bargo na ɗora dankali a wuta. Karin kumallona ke nan yanzu: dafaffen dankalin Hausa, ƙwai biyu, da ruwan zafi mai citta da kanumfari, ba sukari ba madara. Su yara koko da ƙosai aka sayo musu a maƙwabta, don ban ɗora wa kowa wannan tsari ba. Ni ce likita ta ce jinina ya fara hawa, sukarin jikina kuma yana bakin iyaka.

Tsarin da nake bi shi ne wanda ake kira paleo. Hujjar masu shi ita ce ɗan Adam ya daɗe ƙwarai yana rayuwa da farauta da tsince-tsincen daji kafin ya fara noma, shekara kamar 10,000 da suka wuce, saboda haka jikinsa ya fi sabawa da nama, kifi, ƙwai, ganye, saiwoyi da 'ya'yan itatuwa. Sai suka ce a bar hatsi, a bar wake da gyaɗa, a bar nono da sukari da duk abin da ya bi ta injin masana'anta. Boyd Eaton da Melvin Konner ne suka shimfiɗa wannan magana a wata mujallar likitanci ta Amurka a 1985, daga baya littafin Loren Cordain na 2002 ya kai ta gidajen mutane.

Da hantsi na tafi kasuwar Yankaba. Kaka ta yi albarka, kabewa jibge ko'ina. Wani dattijo ya fasa mini ɗaya don in ga cikinta, ja jawur, 'ya'yanta a cike, ya ce, "Hajiya, wannan ko ba nama ta isa miya." Na ɗauki rabi, na haɗa da yakuwa, alayyahu, albasa, attaruhu da doya. Wajen nama ne na tsaya na yi lissafi na wuce. Waɗanda suka tsara abincin nan a Amurka suna maganar nama safe da yamma kamar kyauta ake rabawa. A aljihun malamar makaranta hakan ba zai yiwu ba, kuma ban ga dalilin da zan takura gida a kansa ba. Busasshen kifi na saya, da ƙwai, da mudun fara, tunda lokacinta ne. A bakin titi kuma na sami mai magarya da aya, na ƙulla kaɗan don abin taɓawa idan yunwar la'asar ta taso, lokacin da a da nake kai hannu kan biskit da lemon kwalba.

Daga nan na biya gidan Inna. Na tarar da ita a tsakar gida tana shan hantsi, ƙwaryar fura a gabanta, tana damawa da ludayi a hankali, ba ta bar gudaji ko ɗaya ba. Bayan mun gaisa ta turo mini ƙwaryar. Na ce, "Inna, kin san fa na bar hatsi da nono."

Ta ajiye ludayin ta dube ni. "Ke 'yar nan, yaushe gero ya zama abin gudu? Kakarki da shi ta rayu, har ta koma ga Allah ba ta san ƙwayar hawan jini ba."

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce furar da ta sani surfa gero ake yi, a daka a turmi da citta da kanumfari da barkono, a dama da nonon da Bafillatana ta kawo da safe, kuma ba wanda yake zuba mata sukari. Yanzu kuwa, in ji ta, da madarar gari ake haɗa nonon, a antaya sukari, sannan a zauna wuri ɗaya daga safe har dare. Na karɓi ƙwaryar na sha, kuma da sanina na sha, domin maganar Inna ta zo daidai da abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai.

Ban yarda cewa mutanen farko ba su san hatsi ba. A kogon Ngalue da ke Mozambik an gano ɓurɓushin dawar daji a jikin kayan aiki na dutse da suka haura shekara 100,000, binciken da Julio Mercader ya wallafa a 2009. Gero kuwa a nan yankin Sahel aka fara noma shi, an sami shaidarsa a Mali tun shekara kamar 4,500 da suka wuce. Fulani da yawa jikinsu yana narkar da madara har tsufa, abin da ya samu ne bayan an fara kiwo, wato jikin mutum bai tsaya cak tun zamanin farauta ba. Ko mutanen Hadza na Tanzaniya, da har yau wasunsu ke rayuwa da farauta, ba nama kaɗai suke ci ba: saiwoyi, zuma da 'ya'yan kuka suna cikin abincinsu na yau da kullum.

Inda na ga amfanin tsarin nan ƙarara shi ne wajen abin da ya fitar daga kicin ɗina: burodi, taliyar leda, lemon kwalba, cincin, da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Shi kuwa dunƙule, in ka duba bayan takardarsa, gishiri ne a sahun gaba, ga shi muna jefa uku ko huɗu a tukunya sannan mu ƙara gishiri a kai. Tun da na bar waɗannan, nauyin cikin da nake ji bayan abincin rana ya ragu, barcin da ke fizgata a ɗakin malamai ma ya yi sauƙi. Maganina dai ina sha kamar yadda aka rubuta mini, ban taɓa shi ba.

Da yamma na yi miyar taushe. Na dafa kabewar har ta narke, na zuba manja kaɗan, albasa, attaruhu da kifin da na gyara na cire ƙaya. A wurin gyaɗa na sa niƙaƙƙen riɗi, ya kuma kama miyar yadda nake so. Daddawa na sa da yawa. Na san kalwa dangin wake ce, masu tsaurin ra'ayi a wannan tsari za su ce a cire ta, amma ita ce ta ba ni damar rabuwa da dunƙule ba tare da miya ta yi lami ba, don haka tana nan daram. Yakuwa da alayyahu suka shiga a ƙarshe, na sauke kafin ganyen ya mutu. Maigida da yara suka ci da tuwon shinkafa, ni kuma da dafaffiyar doya. Bai ce komai ba sai da ya nemi ƙari, sannan ya tambaya ko kabewar ta rage a maimaita gobe.

Ranar Litinin zan koma asibiti awo. Na rubuta tambayoyin da zan yi wa likita: ko zan dawo da wake da furar gero marar sukari a wasu ranakun mako, da kuma inda zan sami sinadarin ƙarfafa ƙashi idan na ci gaba da barin nono, domin a shekaruna wannan ba abin wasa ba ne. Farar da na saya ma tana jira, gobe bayan azahar zan cire mata fukafukai in soya.